Doyar Madam Wandoo

Mutmainna tana tsaye a kan kujerar roba, tana ɗora doya ta ƙarshe a saman tsibin, sai wani dattijo mai hular baƙi da fari ya tsaya ya tambaye ta daga gonar wa aka haƙo su. Ta ce masa kek ne. Ya matso ya sunkuya ya shinshina, ya girgiza kai, ya wuce yana magana da yarensa. Daɗi ya kama ta har ta kusa faɗowa daga kujerar. Daga baya ta ji sunansa Baba Orshi, wan uban amarya ne, da safen nan ya iso daga Assakio.

Ta cancanci jin daɗin. Ta yi ta zarya kasuwar doya tana kallo ba ta saye, har dillalai suka fara tsokanarta wai kallo ba ya cika tukunya. Ta koyi yadda doya take lanƙwasa, da inda bayanta yake tsagewa, da yadda kanta yake. Garin koko ta barbaɗa ya zama ƙasar gona, ta yi saiwoyi da zaren sukari, ta naɗe gindin tsibin da sukarin da aka murza aka yi masa ratsin baƙi da fari irin na zanen Tibi. Ta daɗe tana yi wa Hausawan Sabon Pegi kek ɗin akwatin lefe da ƙwarya da kalangu, amma wannan ne bikin Tibi na farko da ya shigo hannunta. A ƙarƙashin rumfunan nan kuwa akwai iyaye mata da yawa masu 'yan mata a gida. Idan yau ta yi kyau, sunanta ya shiga coci-coci ke nan.

Abu ɗaya ne ba ta so a sani. A duk tsibin nan da ya kai ƙirjin babban mutum, doya ɗaya ce tak ake iya ci, ta saman, wadda ta maƙala wa koren ganye don kada ango ya yi kuskure. Sauran duk farin soson nan ne mara nauyi da ake tare talabijin da shi a cikin kwali, ta sassaƙa ta lulluɓe da sukari. Ba sabon abu ba ne a sana'ar. Dogayen kek ɗin da ake gani a hotunan biki, yawancinsu kallon kitse ake yi wa rogo.

Madam Wandoo, uwar amarya, ita ta nemi haka. Ta zo shagon Mutmainna da waya a hannu, ta nuna mata hoton kek ɗin turmi da taɓarya da wata ƙawarta ta yi wa 'yarta a Makurɗi, ta ce ita tana son wanda zai sa ƙawar nan ta kasa barci. Mijinta Raymond dillalin doya ne, tirela yake lodawa zuwa Legas, saboda haka tsibin doya za a yi, kuma ya fi na kowa tsawo. Da ta ji kuɗin na gaske gaba ɗaya, tari ya sarƙe ta har sai da aka ba ta ruwa. Da ta ji na soso, tarin ya warke. Ta ce ai baƙi sakwara za su ci, wa ya damu da kek? Hoto ne kawai. Sannan ta kama hannun Mutmainna ta rage murya.

"Hajiya, wannan magana ni da kai ne o. Ko mijina kada ya ji. Ka rantse."

Mutmainna ta ce ba sai ta rantse ba, mai kek da ungozoma duk ɗaya ne, abin da suka gani a ɗaki a ɗaki yake kwana.

Har bayan azahar komai yana tafiya daidai. An yi rawa, an yi liƙi, mata suka yi layi suna ɗaukar hoto da tsibin, wasu har da tsugunawa kamar masu ciniki. Ƙawar nan ta Makurɗi ta zagaya teburin sau biyu ba ta ce uffan ba, wannan kuwa ya fi wa Madam Wandoo kowane yabo. Wata Madam Nguavese, shugabar matan cocinsu, mai katon gwaggwaro da 'ya'ya mata har uku da suka isa aure, ta karɓi lambar Mutmainna. Emsi, mai gabatar da bikin, ya kira amarya Msurshima da angonta Fanen, suka riƙe wuƙa tare, suka yanka mai koren ganyen, suka ba juna a baki, aka yi tafi. Mutmainna ta sauke ajiyar zuciya, ta fara duban inda ta ajiye buhunan da za ta kwashe sosonta.

Sai Baba Orshi ya miƙe.

A danginsu, duk abin da aka kawo mai yawa, taro ba ya tashi sai an raba shi gida-gida, kuma Baba Orshi ne mai rabo. Akuya ce, alade ne, saniya ce, shi yake tsayawa da wuƙarsa ya kira gidaje daga na babba zuwa na ƙarami, ba a taɓa jin ya tsallake kowa ba. Mutum ya rasa kasonsa a gaban jama'a, zagi ne da ake gadonsa. Madam Wandoo ta san da haka sarai, shekarunta nawa a gidan. Kawai dai a lissafinta kek abin birni ne, al'ada ba ta kai nan ba. Ta manta cewa ita da kanta ta sa aka mai da shi doya.

Emsi ya so ya wuce zuwa rawar iyaye, dattijon ya miƙa hannu ya karɓe makirufon kamar yana karɓe sanda a hannun yaro. Ya yi magana da Tibi, sannan ya maimaita da Hausa saboda baƙi. Ya ce amarya da ango sun ci nasu, saura dangi, doya kuwa ba a barinta a gona.

Mutmainna ta waiga da sauri. Ta nemi idon Madam Wandoo, amma Madam ta sami wani muhimmin abu a cikin wayarta.

Baba Orshi ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙafa, ya sa hannu biyu ya ɗauki doyar farko da irin ƙarfin da ake ɗaukar doya mai wannan girma. Hannunsa ya tashi sama har doyar ta doki goshinsa. Ya tsaya. Ya dube ta, ya ɗan jijjiga ta kusa da kunne. Mutmainna ta runtse ido tana jiran abin da zai biyo baya. Sai ta ji ya yi gyaran murya ya kira gida na farko.

Mai gidan ya taso da girmansa, ya tara hannu biyu, shi ma hannunsa ya yi sama. Suka dubi juna da Baba Orshi. Ya yi godiya, ya koma kujerarsa yana rungume da ita, har da ɗan nishi. Na biyu ya ga yadda na farko ya yi, ya yi haka. Wata tsohuwa ta kwance ɗankwalinta ta yi gammo ta ɗora tata a ka. Manoman da suka tsufa cikin doya suka yi ta karɓar iska da hannu biyu suna sa albarka, ba wanda ya yarda ya zama na farkon da zai ce sarki ba riga. Masu hoto suna ta ɗauka. Mutmainna har ta fara sa rai za a rabu lafiya, a bar kaza cikin gashinta, ko da sosonta zai tafi Assakio a bayan babur.

Ba ta san Baba Orshi ba. Mutumin da ya cika motar a-kori-kura da doyar gonarsa ya kawo gudunmawar bikin nan, a sa shi ya raba wa 'yan uwansa soso da hannunsa, ba zai koma gida da abin a ciki ba. Ya bar mafi girma a ƙarshe. Ya ɗauke ta, ya taka a hankali har gaban kujerar iyaye, ya ajiye a kan cinyar Madam Wandoo, ya zaro wuƙarsa ya miƙa mata ta wajen ƙota.

"Uwar amarya, kai ne ka kawo abinci. A gidanmu mai dafawa shi yana fara ci. Yanka ka ci, mu ma mu ci."

Madam ta yi dariya, ta ce ai likita ya hana ta sukari. Ya ce ko kaɗan ne. Ta ce a bari sai an tashi. Ya ce dangi suna riƙe da nasu suna jira. Mai kiɗa ma ya kashe sautinsa don ya ji da kyau. Ta karɓi wuƙar ta danna. Sukarin ya fashe, wuƙar ta yi wani ƙara mai sa haƙori tsami, fararen ƙwayoyi suka watsu a kan zanenta, fankar rumfa ta ɗauke su ta kai cikin miyar mutane.

Borin kunya ba a koya wa mutum shi. Madam Wandoo ta miƙe ta jefar da doyar, ta dafe ƙirji, ta ce an kashe ta. Ta ce kuɗin kek na gaske ta biya, tun daga sama har ƙasa, ta yarda da baƙuwa ta shigo da ita gidanta, ga sakayyar. Yatsanta yana kan Mutmainna. Nan da nan waɗanda suka rungumi soso suna nishi suka gano cewa dama tun farko sun ji ba nauyi. Mata suka taso. Madam Nguavese ce a gaba, gwaggwaronta yana rawa, tana cewa ɓarauniya, 'yar damfara, a kira 'yan sanda, kuma a gaban kowa ta ciro waya ta goge lambar da ta karɓa.

Mutmainna tana tsaye jikin teburin da babu komai a kansa sai baƙi da farin sukari. Kunya ta rufe ta, ranta ya ɓaci. Tun da ta fara sana'a ba a taɓa ce mata ɓarauniya ba. Magana ɗaya za ta yi ta wanke kanta, kuma maganar tana bakin harshenta. Raymond ya zuba mata ido yana jira. Ƙawar Makurɗi ta gyara zama. Sai ta hango Msurshima, da sauran sukari a gefen leɓenta, idonta cike da hawaye, ba Mutmainna take kallo ba, uwarta take kallo. Yarinyar ta san uwarta. Idan aka faɗa, har ta yi jikoki a gidan Fanen ana kiranta 'yar mai doyar soso.

Ba don Allah kaɗai ta yi shiru ba, gaskiya. Ta kuma san cewa mai kek ɗin da ta tona asirin uwar amarya a tsakiyar biki ta rufe shagonta da hannunta. Ko ta ina dai ita ce a ƙasa.

"A yi haƙuri," ta ce. "Kuskuren daga wurina ne."

Aka yi caa a kanta. Madam Wandoo, da ta ga kashin kajin da ta shafa mata ya zauna daram, sai ta koma mai sulhu, ta ce a ƙyale ta, ita ta bar wa Allah. Baba Orshi ya dubi Mutmainna, ya dubi Madam, ya daɗe yana goge wuƙarsa da gefen riga. Aka saki kiɗa. Masu kaso suka yi ta wurgo mata doyarta ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa tana tsincewa tana cusawa a buhu.

Ta ja buhunan ta bayan rumfa zuwa bakin titi, kusa da inda ake wanke tukwane, ta tsaya jiran Keke Napep. A nan ne hawayen suka zo, ta bar su suka zuba. Tana tunanin yadda labarin zai riga ta isa Sabon Pegi.

Ta ji ƙamshin turare a bayanta. Madam Nguavese ce, ta waiga hagu ta waiga dama, ta matso har gwaggwaronta yana gogar mayafin Mutmainna.

"Hajiya, ka sake ba ni nomba ɗin nan. Yarinya na zai yi aure Disamba. Ina so irin wannan, amma ya fi na Wandoo tsawo. Ɗaya na gaske ya isa."

Mutmainna ta goge idonta da bakin mayafi, ta tsaya tana kallonta.

"Kuma in wani abu ya faru," Madam ta ƙara rage murya, "za ka yi shiru kamar yau, ko?"

Can bakin rumfar, wata matar ma ta tsaya da jaka a hammata tana yi kamar amsa waya take, tana jiran a gama. Mutmainna ta dubi buhunan, ta dubi bakin da ɗazu ya ce mata ɓarauniya. Ta karɓi wayar ta danna lambarta a hankali.

"Madam, kek da kuɗinsa," ta ce. "Zagi kuma kuɗinsa daban, kuma shi ake fara biya."