Jinin Auta

Auta yana cikin gyara wa wani dattijo ƙeya sai wayarsa ta hau ruri a aljihu. Bai ɗauka ba. Ya san Yaya ne, ya kuma san maganar ba ta wuce ta jini ba. Asibiti sun ce ba za su shiga da Umma ɗakin tiyata gobe ba sai an ajiye musu leda biyu. Yaya ya riga ya ba da ɗaya, saura ɗaya, yanzu idon kowa a gidan yana kan Auta.

"Ɗauki mana," in ji Oga mai shagon askin, daga kujerarsa ta bakin ƙofa, tumbi a gaba kamar ya haɗiyi tukunya. "Ko budurwar ce ta ce sai ka yi ƙiba za ta aure ka?"

Masu jiran layi suka kwashe da dariya. Auta ma ya yi murmushi, irin wanda ya koya kwanan nan, na leɓe kawai.

A kan kujerar askin nan abin ya faro, an kusa shekara ke nan. Akwai wani direban babbar mota da ke zuwa aski, mutum mai son a kwashe masa gemu tas da reza. Rannan Auta ya ɗan yanke shi a ƙasan haɓa, garin saurin goge jinin kuma rezar ta shafci babban yatsansa. Ya tsotse yatsan, ya danna auduga, ya ci gaba da aikinsa, ya manta. Ana nan sai direban ya daina zuwa, can kuma labari ya iso cewa ya rasu. Aka baje maganar a shago.

"Ni fa tun da na ga wuyansa ya koma na kaza na san ƙanjamau ce," in ji Oga. "Ba a gaya min ba, ido gare ni."

Babu wanda ya je duba direban, balle ya ji ta bakin likita. Amma Auta ya sunkuyar da kai ya dubi yatsansa.

Tun daga nan jikinsa ya canza masa. Wani zazzaɓi mai laɓe-laɓe, bai kwantar da shi ba, bai kuma sake shi ba, sai rana ta yi sanyi ya lallaɓo. Baki ɗaci. Ƙuraje a cikin leɓe, su warke, su dawo. In ya daɗe a tsaye yana aski sai ya ga madubi yana juyawa. Bel ɗinsa ma sai da ya ƙara masa huda da ƙusa.

Ba wai bai yi gwaji ba. Ya yi har ya gaji. Sai ya shiga mota ya tafi can ƙarshen gari inda ba a san fuskarsa ba, yau rumfar masu gwaji kyauta, gobe wani ɗan ɗaki a bayan kantin magani. Ko'ina magana ɗaya yake yi: "Na ƙanjamau kawai za a yi min." In aka tambaye shi ko yana jin wani abu a jikinsa, sai ya ce lafiyarsa ƙalau, don gani yake in ya fara lissafa musu alamun za su dube shi da wani irin ido. A soki yatsa, a ɗan jira, a ce babu. Ya fito zuciyarsa wasai, kafin ya kai gida zazzaɓin ya tare shi a hanya. To in babu, wannan kuma mene ne? Sai ya ce kayan gwajinsu ne suka kwana biyu, ko kuma ƙwayar ce ta iya ɓuya.

A gida ya ware kofinsa da cokalinsa, har ya ɗaura wa kofin jan zare a hannu kada a yi kuskure. Umma ta zuba masa ido kwana da kwanaki, rannan dai ta ce, "Auta, yaushe muka zama abin ƙyama a wurinka?" Ya ce mura ce. Ta ce wannan mura taka ta kusa yin haƙora.

Bai gama da ƙeyar dattijon ba Yaya ya faɗo shagon, da kayan garejinsa duk baƙin mai.

"Wayar taka ado ce?"

"Yaya, aiki nake..."

"Aiki? Uwar da ta goya ka tana kwance, kai kana nan kana wasa da gashin mutane. Oga, ara min shi."

"Ɗauke shi," in ji Oga. "Amma ku yi a hankali, in aka zuƙi leda guda a jikin wannan sai dai ku dawo min da riga."

A bayan babur ɗin Yaya, Auta ya yi ta haɗa magana a ransa tana wargajewa. In ya ƙi, har abada shi ne ɗan da ya hana uwarsa jini. In ya yarda, kuma abin nan yana ɓoye a jikinsa, da hannunsa ya kai mata. Ya buɗe baki a wajen wata kwana, iska ta cika shi, ya rufe.

Ɗakin ɗibar jinin ƙarami ne, gado ɗaya, firiji yana ta gurnani a lungu. Matar da ke aikin ta manyanta, tabarau a kan karan hanci. Ta ce Yaya ya jira a benci, ta tura ƙofa.

"Ka ci abinci yau? Ka yi zazzaɓi kwanan nan? Akwai abin da ke damunka?"

"Lafiyata ƙa..." Idonsa ya faɗa kan ledar da ta ajiye a tire, wayam, da siririyar robarta a naɗe. Ya hango ta cike, a rataye saman kan Umma, tana ɗiga. Maganar ta maƙale.

"Anti," ya ce a hankali, "jinina ba shi da kyau."

Ta ja kujera ta zauna. Ya gaya mata labarin direba da reza, da zazzaɓi, da bel, da duk wuraren da ya zaga. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa, ta juya tafin hannunsa, sannan ta ɗebi jini kaɗan ta shige ciki. Ya zauna shi da firiji.

Da ta fito ta ce, "Ba ka da ƙanjamau. Abin da ya kusa shekara ba ya ɓuyar wa gwajin nan, ka cire shi a ranka. Amma ba zan ɗebi jininka ba."

"Kin gani ko! Da ma na sani..."

"Me ka sani? Jinin ne bai ishe ka ba kai kanka. Dubi hannunka fari fat. Kai da za ka ba wani, saura ƙiris a nemo maka."

"To me ke shanye shi?"

"Ban sani ba. Sai likita ya duba ka."

Auta, da ko ƙuda ba ya iya kora da ƙarfi, sai ga shi a tsaye. "Kullum haka! Babu, babu, babu. Kowa ya san abin da ba shi ba ne, ba wanda zai ce min ga abin da yake. Ni ƙarya nake yi? Taɓa wuyana ki ji!"

"Na yarda da kai, ɗana. Amma duk wuraren nan da ka je, wa ka taɓa ce wa ya taɓa wuyan naka?"

Ya tsaya yana tunani. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a ransa, rumfar, da bayan kantin, da sauran. Ya koma ya zauna.

"Abu ɗaya ka yi ta tambayarsu, suka yi ta ba ka amsarsa," in ji ta. "Gobe da safe ka bi layin ganin likita. Duk abin da ka gaya min, ka gaya masa, har bel ɗin."

Yaya na ganin Auta ya fito hannu ba auduga a gwiwa ya miƙe. "Me ka shirya mata? Wace ƙarya ka yi?"

Nan a kan bencin Auta ya sake kwance maganar tun daga farko, kansa a ƙasa. Yaya ya matso kusa har Auta ya zaci duka ne zai biyo baya.

"Wato duk cin abincin nan da kake yi a bayan ƙofa kamar ɓarawo, maganar Oga ce? Oga da ya ce ni ma ciwon suga gare ni don ya ga ina shan ruwa da yawa?" Ya dafe goshi. "Kuma muna ɗaki ɗaya da kai, ka kasa buɗe baki. Yanzu ga Umma, ga kai, ga leda babu." Ya zaro waya ya danna da ƙarfi. "Oga! Rufe shagon nan ka zo asibiti. Bakinka ya zubar mana da leda guda, tumbinka zai mayar."

Oga ya zo yana haki, yana rantsuwa shi bai taɓa kiran sunan ciwon kowa ba. Da ya ga allurar ya nemi a bar shi ya je ya dawo, Yaya ya tsaya a ƙofa. Haka aka ɗebi jininsa, idonsa a rufe, yana kiran uwarsa. Leda ta cika, aka ce gobe za a shiga da Umma.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka shiga ɗakin da take kwance. Auta ya ji zazzaɓin yana hawowa ta bayan wuyansa, daidai lokacinsa, kamar ba a yi komai ba yau. Ya ji kamar ya buga kansa da bango. Har yanzu dai abin ba shi da suna, kuma wa ya sani ko goben ma za a samo masa.

Yaya ya riga ya tsegunta wa Umma a kunne. Ta ɗauki kofin shayinta daga kan durowa ta miƙa wa Auta.

"Ya yi min zafi. Kurɓa ka ji ko ya huce."

Ya karɓa, ya daɗe yana kallon bakin kofin, sannan ya kurɓa. Ta karɓe abinta, ta juya shi daidai inda ya sa baki, ta sha. Hannunsa ya ɗaga zai fizge, ya mayar da shi kan gwiwa ya danne da ɗayan.