Abin da Walida Ta So Ta Gaya wa Hajiya

Sirajo mutum ne da ba a yi masa tambaya a tsaitsaye. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga wanda ya ƙera agogon. Tun digiri na biyu yake Kuala Lumpur yana nazarin harsuna, ga shi yanzu a na uku. 'Yarsa Walida kuwa an zo da ita bakinta bai gama buɗewa ba, ya ƙarasa buɗewa da Turanci da Malayanci. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba.

Wata Juma'a suna shan shayi a shagon mai shayi, wanda a can ake kira mamak, na ƙasan benensu a Wangsa Maju, ta ce da shi cikin Turanci an ba ta fitowa a wasan kwaikwayon makarantarsu, ita ce damsel.

"Abba, mece ce damsel?"

Abin nema ya samu. Malam Sirajo ya ture kofi, ya gyara zama. Ya ce tsohuwar kalma ce da a zamanin da Turawan Ingila ke kiran yarinya 'yar babban gida da ita, sun aro ta daga Faransanci, su kuma sun gada daga Latin, inda tushenta ke nufin uwar gida.

"A'a, Abba, da Hausa..."

"Bari in gama mana."

Bai gama ba sai da shayinta ya huce. Ta ce, "To, shi ke nan lah," irin yadda masu Malayanci ke rufe magana.

Da la'asar ya kira mahaifiyarsa, Hajiya Hureira, a Kano, inda a lokacin hantsi ne, kamar kowace Juma'a. Walida da kullum sai an yi jan ido take karɓar waya, yau ita ta miƙo hannu.

"Hajiya, ina kwana. Ni, a makaranta, ni ce..."

Ta tsaya, ta dubi ubanta. Shi kuwa idonsa na kan kwamfuta, yana duba ƙarnin da kalmar ta shiga Ingila.

"Madalla, Allah ya yi albarka," in ji Hajiya. "Ba ni babanki."

Sai a lokacin ya gane. Yarinyar labari ta shirya wa kakarta, na farko a rayuwarta, kalma ɗaya tak ta nema a wurinsa. Kunya da takaici suka rufe shi. Ya bi ta har ƙofar ɗaki yana cewa, "Budurwa, Walida. Ko ki ce gimbiya." Ta ce ba komai.

Juma'ar da ta biyo baya ya miƙa mata wayar da kansa. Ba ta ɗago ba. Cikin Turanci ta ce ya gaishe mata da Hajiya kawai.