Ɗan Damben Cikin Dutse

Tun ranar da Noeline ta saka sabon dutsen murjani a tankin kifinta na falo take jin wani ƙas! ƙas! daga cikin ruwan. Ran kwana na huɗu ta tarar da biyu daga dodon koɗin da ke cikin tankin a farfashe. Sai ta kira yayanta Clarrie, wanda ya shekara talatin yana nutso a tekun Cairns.

Da hantsi ya iso, ya durƙusa gaban gilashin, ya dubi ɓawon.

"Kin yi baƙo," in ji shi. "Jatan landen nan ne mai hannu irin na ƙoƙiƙoƙi."

"To cire min shi, Yaya."

"Sa hannu ki cire mana. Ba ke ce nas ba? Kya ɗinke yatsan da kanki."

Ya ce irinsu ɗaruruwa ne, wasu masu suka, wasu masu naushi, kuma wannan ɓarna aikin mai naushi ce. In babban ne, wata rana gilashin ma ba zai tsira ba. In ƙaramin ne, da sauƙi. Shaidar tana cikin damtsensa, sai ya buɗe hannu za a gani.

Ya soke tsokar kifi a tsinke, ya zura bakin wani rami a jikin dutsen. Suna jira har shayin da ta haɗa musu ya huce.

Can idanu biyu suka leƙo, kowanne a kan sandarsa. Ɗaya ya juya wajen Clarrie, ɗayan ya tsaya cak a kan Noeline. Shekara tara tana kiwon kifi, ba wanda ya taɓa yi mata irin wannan kallon.

Ya fito rabi, kore shar, ya ware hannuwa. A cikin kowane damtse ga ɗigo shunayya, farin zobe ya kewaye shi. Naushin kuwa ba ta gan shi ba. Ƙarar kawai ta ji, tsinken ya yi tsalle a hannun Clarrie.

"Ƙaramin ne, ba zai wuce tsawon yatsa ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni a teku wutsiyarsu kawai nake gani suna shigewa rami."

"Har yanzu ni yake kallo, Yaya."

"A cire shi?"

Ba ta ɗauke ido daga ramin ba. "Ɗauko min bokiti a bayan gida. Dodon koɗin ne za su tashi, ba shi ba."