Dutsen da Ke Yawo

Da wani tela ya yi sha'awar kiwon kifin teku, sai ya sayo ƙaramin akwatin gilashi ya ajiye a falo, ya haɗa ruwan gishiri, ya dasa wani dutse mai ramuka a ciki. Mai sayar da kifin ya ce masa dutsen mai rai ne, kuma kada ya zuba kifi sai ruwan ya kwana biyu.

"Maigida, dutse za mu kiwata ke nan?" in ji matarsa. "Me yake ci?"

"Ke dai zuba ido."

Ai kuwa ta samu abin yi. Kullum ya fita shago, sai ta naɗe hannun riga ta ɗan matsar da dutsen. Tela ya rikice, ya riƙa yi wa gilashin alama da allin ɗinki, yana kiran maƙwabta su shaida dutsensa na yawo.

Wata safiya ya dawo ɗaukar almakashi, sai ya ji ihu. Matarsa ce ke yarfe hannu, wata 'yar ƙaguwa da ta ɓuya a ramin dutsen ta maƙale mata a yatsa. Ya dubi rigarta sharkaf, ya gane mai matsar da dutsen, dariya ta kai shi ƙasa.

"Dariya ma kake yi? Cire min ita!"

"Sai kin yarda ke za ki yi wa maƙwabta bayani."

Ba shiri ta yarda. Ya lallaɓa ya cire ƙaguwar, ya mayar da ita ruwa.