Goge Mai Kunnen Ƙashi

Malam Mamman ya sake naɗe yatsunsa da gefen riga, ya kama kunnen gogen ya murɗa har jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ko gezau. Uku daga cikin kunnuwan sun yarda, kowanne da ɗan kukansa irin na tsohuwar ƙofa. Na huɗun ne ya kafe. Kunnuwa dai sunan da su Mamman suka laƙaba wa 'yan turakun katakon nan da ke kan gogen Turawa, waɗanda ake murɗawa a ɗaure tsirkiya har muryarta ta zauna daidai. Ruwan farkon damina ya sa katako ya sha danshi ya kumbura, ga shi kuma shekara goma sha wani abu gogen yana kwance a ƙarƙashin gado, ba mai gaishe shi sai gizo-gizo.

Matarsa Asibi tana bakin murhu tana tankaɗe. A kan taga rediyo yana ta zuba bayani daga Abuja, yau soja zai miƙa mulki ga farar hula. Duk gidan da ka wuce a unguwar Kabara muryar da za ka ji ke nan.

"Malam, ko ka karya abin nan ko ya karya maka yatsa," in ji ta.

"Kunnen ƙashi gare shi."

"To ai mai shi ya biyo."

Yau Mamman ba shi da lokacin wasa da Asibi. Yaran unguwa sun san shi a matsayin tsohon ma'aikacin gidan waya wanda ba ya rasa sahun gaba a masallaci, ba su san ya taɓa zama saurayi ba. Shi kuwa da amininsa Ali, Babarbaren unguwar Madabo wanda kakanninsa suka zo daga Borno, sun yi zamaninsu. Wani Basudane, Ustaz Mirgani, da ya zo koyar da Larabci, shi ya kama hayar soron da ke saman gidan su Ali, shi kuma ya koya musu kiɗa. Ali ya ɗauki udu, molon nan na Larabawa mai ƙaton ciki, Mamman ya ɗauki goge. Duk Alhamis bayan la'asar sai abokai su taru, a shimfiɗa darduma, a dafa shayi da kirfa, a rufe tagar da ke kallon cikin gida don kada mahaifin Ali ya ji, shi da yake malamin Alƙur'ani. Ashe tsohon yana ji sarai. Wata rana ya aiko a gaya wa mai siririyar muryar nan, wato mai goge, ya rage gaggawa.

Da Ustaz zai koma gida ya bar wa Mamman gogen. Suka ci gaba da Alhamis ɗinsu har soja ya dawo, aka shiga bin layin madara da sabulu, kowa hankalinsa ya koma kan tukunya. 'Yan soro suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Ali ya rataye udunsa ya ce wa Mamman, "Bafillace, ranar da soja ya koma bariki, mu ma sai mu koma soro." Suka yi dariya, a zatonsu shekara ɗaya ce ko biyu.

Bara ɓarin jikin Ali na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yanzu 'yarsa Nafisa, ma'aikaciyar jinya a Zariya, ta zo za ta tafi da shi wurinta, kuma yau bayan la'asar motar za ta tashi. Mamman ya san irin wannan tafiya. Ya raka abokai da dama bakin mota, bai ga wanda ya dawo da ƙafarsa ba. Jiya da ya je dubiya ya ce, "Gobe fa soja zai koma bariki." Ali ya ɗaga ido ya kalli rufin ɗaki, ya dawo da shi kan Mamman, ya ƙi ɗaukewa. Nan take Mamman ya yi alkawarin zai zo da gogen. In bai yi wa Ali kiɗa yau ba, ya sani har abada ke nan.

Ya ajiye gogen a kan tabarma ya zura takalmi. Maganin kunnen da ya kafe ya san shi: a sami siririn itace a ɗora ta ƙaramin bakin, a ƙwanƙwasa a hankali har ya fito. Bai ɗauki gogen ba, don kunya ba za ta bar shi ya ratsa gari da shi da rana tsaka ba sai ya zama dole.

A Jakara ya tarar da Ilu masassaƙi zaune cikin ɓawon itace, rediyo rataye a wuyan turmin da bai gama ba. Suka gaisa, Mamman ya faɗi abin da yake so, Ilu ya feƙe masa ɗan guntun kirya kamar kaurin ƙaramin yatsa.

"Me ya kafe haka, Malam?"

"Wata 'yar ƙofa ce."

"In ƙofa ce ka bar ta zuwa rani, da kanta za ta saki."

"Wannan ba za ta iya jiran rani ba," in ji Mamman, ya yi godiya ya juya.

Tun daga zaure ya ji ƙamshin man shanu, har ya ce a ransa yau Asibi ta tuna da shi a miya. Da ya shiga sai ya gan ta zaune a kan tabarmarsa, gogen a cinyarta, cokali da gashin kaza a gefe. Fuskar nan tata cike da fara'a. Ta sa yatsa biyu ta juya kunne na huɗu, ya juya sumul.

"Ga kunnenka nan, ya ji magana."

"Me kika sa masa?"

"Abin da ake sa wa kunne mana. Na ɗan ɗumama mai na ɗiga masa. Duk 'ya'yanmu da shi na yi musu magani, ka taɓa ganin kurma a cikinsu?"

Mamman ya yi salati a hankali ya karɓi gogen. Abu ɗaya Ustaz ya yi ta ja musu kunne a kai: busasshen sabulu in ya kafe, alli in yana zamewa, amma mai ko ɗigo. Ya murɗa kunnen, tsirkiya ta ɗauki murya tana hawa har ta kai inda ake so. Yana sakin hannu kunnen ya sulale baya, tsirkiyar ta saki jiki ta kwanta. Ya sake, ya kuma sakewa. Ɗazu ya ƙi motsi, yanzu ya ƙi tsayawa.

"Kin kashe ni, Asibi."

"Kai ka ce kunne."

"Da na ce ido sai ki sa masa kwalli?"

Ta buɗe baki za ta rama, don Asibi ba a bin ta bashin magana, sai ta kalli fuskarsa ta fasa. Shi ma kalmar tana fita ya ji nauyinta, don ya san tun asuba take kallonsa yana fama, tausayi ne ya kai hannunta. Ya zare kunnen gaba ɗaya ya ce ta ba shi toka da tsumma. Suka zauna kai da kai suna murza, shi kunnen, ita ramin da yake shiga, da tsinke naɗe da auduga.

"Alli nake so, ga makaranta a rufe yau," in ji shi.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ya ji tana jan kwalla. Ta fito da wani ɗan kwando da ya manta akwai shi a gidan, da mazari a ciki da tasar kaɗi da dunƙulen allin da mata kan shafa a yatsa don mazari ya kamu.

"Na Gwaggo ne. Da shi nake kaɗi a gidanta da ke manne da na su Ali, ina jin ku ta katanga," ta ce tana kankare allin a tafin hannunsa. "Da kun fara sai ta ce, to, kyanwar gidan Malam ta tashi."

"Kyanwa?"

"Kai take nufi. Na Ali tana so."

Dariya ta kufce masa duk da halin da yake ciki. Ya tuna katangar, da bishiyar lemon da ta leƙo ta kanta, da yadda yakan zaɓi zama kusa da tagar da ke wannan ɓangaren yana cewa ya fi iska. Yau ba Gwaggo, ba lemon.

Alli ya taimaka, amma bai warkar ba. Katakon ya riga ya sha mai har ciki. Kunnen yakan riƙe na ɗan lokaci kamar abin kirki, sai kuma ya tuna halinsa ya sulale. Suka zare suka sake murzawa, suka shanya a 'yar ranar da ta leƙo tsakanin gajimare, suka ƙara alli. Aka yi azahar, inuwa ta fara tsawo. Asibi ta ɗauko wani tsohon zanenta ta naɗe gogen da bakan da ake goga shi ta miƙa masa.

"Je ka haka, Malam. Ali ba baƙo ba ne."

Ya bi lunguna yana tsallake taɓo, ƙunshin a ƙirjinsa. Samari sun fito da rediyoyi ƙofar gida, wasu suna ta murna, wasu suna cewa a dai jira a gani. Bai tsaya gaisuwa mai tsawo da kowa ba.

A ƙofar gidan su Ali mota tana tsaye, an ɗaure katifa a samanta. Soron da suke hawa ya daɗe da rushewa, sai matakala da ta rage tana kallon sama. Nafisa ta tare shi a zaure ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba Mamman. Tun safe idonsa yana kan ƙofa."

An jingina Ali da matasai a kan gado, an sa masa kaftanin tafiya, hular a karkace, alamar wani ne ya ɗora masa. Mamman ya zauna a kujera ya gyara masa ita, sannan ya shiga tsokanar da ke tsakanin Fulani da Barebari tun kaka da kakanni.

"To bawana, ga ubangidanka ya cika alkawari. Soja ya koma bariki, da kunnena na ji."

Ya warware zanen. Idon Ali ya sauka a kan gogen ya zauna. Mamman ya murɗa kunne na huɗu ya danna shi ciki da ƙarfi, yana roƙonsa a zuci ya rufa masa asiri. Ya ɗora gogen a kafaɗa ya ɗauko kiɗan da suke buɗe Alhamis da shi. Yatsun sun yi tsauri, amma ba su manta hanya ba. Farkon ya tafi lafiya. Yana isowa inda kiɗan yake hawa, wurin da a da udun Ali yake shigowa, sai kunnen ya sulale, muryar ta zube kamar kukan akuya.

Ya ɗaure ya sake ɗaukowa, ya zube a wuri ɗaya. Karo na gaba ko nan bai kai ba. Daga masallacin unguwa aka kira la'asar, ya sauke bakan ya jira har ladan ya gama. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe shi.

"Ka yafe ni, Ali. Asibi ce ta yi masa maganin ciwon kunne da man shanu."

Gefen bakin Ali mai rai ya motsa. Sai hannunsa na hagu ya taso daga kan mayafi a hankali, ya kama kan gogen ya ja, har sai da Mamman ya bar kujera ya dawo bakin gado, gwiwarsa tana gogar ta abokinsa. Yatsun suka laluba suka wuce kunnuwa uku, suka tsaya a kan mai laifin. Da hannun nan Ali ya yi shekaru yana ɗaure tsirkiyoyin udu. Ya murɗa, ya danna, ya kalli Mamman.

Mamman ya ja baka. Ali ya ƙara kaɗan, ya rage ɗan ƙiris, sannan ya tsaya cak ya riƙe. Muryar ta zauna daram.

Ya ɗauko kiɗan daga farko. Ya iso wurin hawan, tsirkiya ta ɗauke shi ta haye da shi. Yana jin rawar hannun Ali tana bin katakon har cikin haɓarsa, amma kunnen bai motsa ba. Hawaye ya gangaro masa, ba hannun da zai share.

A waje direba ya danna oda. Nafisa ta ɗaga labule za ta yi magana, ta ga hannun mahaifinta inda yake, ta saki labulen ta koma. Jim kaɗan aka ji an kashe injin motar.

Kiɗan ya zo ƙarshe, Mamman ya ja dogon jan nan na rufewa ya ɗaga baka. Ya jira Ali ya saki. Jijiyoyin hannun sun fito ruɗu-ruɗu don gajiya, amma yatsun suna nan a kan kunnen. Mamman ya gyara zaman gogen a kafaɗarsa, ya sake ɗaukowa daga farko.