Rantsuwar Kawu Benedek

Ban taɓa rubuta labari ba, amma wannan dole in rubuta shi.

Babana Domonkos ya gaji da jiran ɗa namiji. Ni kaɗai Mama ta haifa masa. Coci kuwa ba ta raba aure sai an tabbatar miji da mata jini ɗaya ne, shi ya sa Baba ya gayyato bishop cin abinci, ya kuma aika aka kira Kawu Benedek, yayan Mama, ya zo ya ba da shaida.

Ina zaune a ƙarshen tebur. Kawu kuwa ya rungumi cinyar dinya, maiƙo na bin gemunsa yana ɗiga a riga. Da aka kawo akwatin azurfa mai ɗauke da ƙashin yatsan waliyyi don rantsuwa, bai ko wanke hannu ba ya ɗora a kai.

"Kakarmu Orsolya, Allah ya yafe mata," in ji shi, "ba da mijinta ta haifi babanmu ba. Cikin kakan Domonkos ne. Tsofaffi duk sun sani."

Kakar da ya ambata ita ta yi renonsa lokacin annoba.

Mama ta ajiye kofinta a hankali. "To madalla, Yaya. Ka ga in babanmu ba ɗan gidan ba ne, kai ma ba jikan gidan ba ne ke nan. Gonakin inabin da kake taƙama da su sai ka miƙa wa 'ya'yan Baffa Lorand. Ko in aika musu yanzu?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya mai da ita tari. Na ɗauka shi ke nan mun tsira. Har na fara numfashi.

Kawu ya sakace haƙori da farce.

"Kai, tsufa!" Ya dafe goshi. "Ranka ya daɗe, na rikita su ne. Ba Orsolya ba, ɗaya kakar nake nufi, ta wajen uwa. Ita ce ta yi abin."

"Benedek, wadda ta rasu a kan hanyar Urushalima?" in ji Mama. "Ba ka jin kunya?"

"Haba Skolastika, matattu me ya dame su?"

Ya rantse. Bishop ya gyaɗa kai, ya ce auren ɓatacce ne tun asali. Baba ko kallona bai yi ba, ya sa aka ƙaro giya.

Muna ɗaure kaya za mu bar gidan Kawu ya leƙo, wai mu taho gidansa, ai shi ne mafi kusa da mu a duniya. Mama ba ta ɗago kai ba. Ta ce da mai keken doki ya kai mu gidan mata masu zaman zuhudu da ke bayan kogi, kuma kada ya bi ta gefen gonakin inabi.