Inda Ƙuri'un Malam Suka Tafi

Mijina ba ya kallon gasar waƙa. Haka yake gaya wa duk wanda ya tambaye shi, har da wanda bai tambaya ba. Sai dai duk ranar Lahadi, ƙarfe biyar saura kwata, yakan rufe shago ya shigo falo da wata farar riga a kafaɗa, ya ce hasken shagon ya yi ƙasa, ba ya ganin kafar allura. Shekara talatin da ɗaya yana ɗinki a shagon nan da ke manne da gidanmu, hasken bai taɓa yin ƙasa ba sai da aka fara gasar. Zai jawo kujerarsa kusa da taga, ya ba talabijin rabin baya, ya hau kalmasa. Rigar nan guda ɗaya, mako tara ya yi yana yi mata kalmasa. Na san ranar Litinin yake warwarewa, amma ban taɓa ɗaga masa maganar ba.

Autarmu tana cikin gasar, ita ce lamba bakwai.

Cikin 'ya'yanmu huɗu ita kaɗai ta gaji hannunsa. Keken ɗinki biyu ne a shagon, nasa da nata, kuma kowa a layinmu ya san ita zai bar wa wurin. Tana ɗinki tana waƙa, har masu kawo yadi sukan gama abin da ya kawo su, su nemi benci su zauna. Shi ma yana jin daɗi, don na sha ganin ƙafarsa tana taka keke daidai da waƙarta, amma ko kusa ba zai yarda ba. Ranar da ta durƙusa ta ce masa an ɗauke ta a gasar, za ta tafi wata uku, sai ya ajiye almakashi a hankali.

"Da za ki je gwajin, kin tambaye ni?"

Ta sunkuyar da kai.

"To tunda kin iya yanke wa kanki shawara, Allah ya kiyaye hanya. Amma kada ki kira ni."

Auta kuwa ba hannu kaɗai ta gada ba, har da taurin kan. Ta tafi, ba ta kira shi ba. Ya lulluɓe kekenta da tsohon zane, kullum da safe sai ya kaɗe masa ƙura, ya ce wai gudun tsatsa yake. Ni abin da ya tsaya min a rai ke nan. Ko ta ci gasa ko kada ta ci, duk ɗaya ne a wurina, in dai mutanen nan biyu za su sake yi wa juna magana. Ina tsoron ta gama, ta ji kunyar dawowa, ta nemi aiki can, shi kuma ya tsufa yana kaɗe keken da ba mai takawa.

Mutum goma sha biyu aka fara da su, kowane mako a sallami ɗaya. Malam bai san sunan ko ɗaya ba, tunda ba ya kallo, amma duk ya raɗa musu nasa. Akwai Guntun Wando, wani saurayi mai tsalle-tsalle da idon sawu a waje. Akwai Zare Ya Ƙare, wata malamar asibiti mai siririyar murya, wadda kullum rigarta kafaɗa ɗaya gare ta. Akwai kuma direban babbar mota, ƙato, mai tsayuwa cak kamar an kafa shi, hannu biyu a baya. Shi kaɗai Malam ya ƙyale da sunan Direba, don ya ce wanda ya yanka masa riga ya san aikinsa.

"Dubi wuyan nan," zai ce, idonsa wai a kan allura. "Ya zauna. Wannan tsohon hannu ne."

"Na zaci ba ka kallo, Malam."

"Ido ne ya faɗa."

Ni kam gaskiya zan faɗa, ko da za a ce na ci amanar 'yata. In Direban nan ya buɗe baki, nakan manta ina da 'ya a gasar. Muryarsa daga can ƙasa take tasowa, ba ya gaggawa, ba ya yi wa kowa murmushi. Akwai ranar da ya yi wata waƙa a kan mahaifiyarsa da ke jiransa a bakin ƙofa duk sanda ya yi doguwar tafiya, sai ga ni ina share hawaye da gefen mayafi. Ranar, Allah ya yafe min, na jefa masa ƙuri'a ɗaya a ɓoye.

Alƙalai uku ne. Mace ɗaya mai saurin kuka, wani dattijo mai yabon kowa, sai wani mai sanƙo da bai taɓa jin waƙar da ta gamsar da shi ba. Da wannan na ukun Malam yake gaba. Ranar da mai sanƙon ya ce wa Auta numfashinta yana yankewa kafin ta kai ƙarshen baiti, sai na ji tsaki daga wajen taga.

"Mutumin da maɓallin rigarsa ke neman agaji, shi zai koya wa wani numfashi?"

Amma in mai gabatarwa ya ce lamba bakwai, falon yakan yi tsit. Allura ta tsaya a iska. Ba ya juyowa gaba ɗaya, sai dai kujerar ta ɗan yi ƙara. Auta za ta fito a cikin irin rigunan da suke sa musu masu walƙiya, ta rufe ido, ta karkata kai hagu, yadda take yi in tana kan keke. Har ta gama ba zai ce uffan ba. Sai an gama tafi zai gyara murya ya ce, "Kafaɗar ta sauka. Ba su auna ta ba."

Daga nan a buɗe zaɓe na rabin awa. Mai gabatarwa ya yi ta nanatawa cewa kowa ya tura lambar gwaninsa zuwa ga lambar da ke gudu a ƙasan allo. Ni in tura, maƙwabta su tura, yayyenta su bugo su ce sun tura. Malam ya ce aikin banza ne. Sai ya miƙe, ya ce bari ya duba ko ya kulle shago, shagon da na ji ƙarar kwaɗonsa da kunnena. Ya daɗe can, ya dawo yana goge tabarau.

Wayarsa irin ƙaramar nan ce mai maɓallai. Amsa kira kawai yake yi da ita. Auta ce ta taɓa zaunar da shi ta koya masa tura saƙo, kuma ita kaɗai ya taɓa tura wa, ko ta taho da baƙin zare daga kasuwa, ko ta biyo da alli.

A mako na huɗu, ranar Litinin, Auta ta kira ni kamar yadda ta saba. Muka gaisa, ta tambayi ƙafata.

"Mama, Baba yana kallo?"

"Ya ce ba ya kallo."

"Yana turo min bakwai."

"Bakwai ɗin me?"

"Lamba bakwai, Mama. Ita kaɗai, ba gaisuwa ba komai. Duk Lahadi in aka ba mu wayoyinmu bayan shiri, sai in tarar da su a jere. Makon farko guda ɗaya. Jiya guda biyar."

Na zauna a bakin gado. Dariya ta taso min, kuka ya riga ta fitowa. Ashe bawan Allah zaɓe yake yi. Girman kai ya hana shi tambaya, lambar ƙasan allo kuma gudu take, ga ido ya yi rauni. Sai ya yi abin da ya ga ya dace da hankali, ya kai ƙuri'a wurin mai ita.

"Bari in gyara masa," na ce. "Ai asara ake yi."

"Don Allah kada ki gyara, Mama." Ta faɗa da sauri. "In ya san na sani zai daina. Ni kuma su nake jira. Wallahi in na sauko daga dandamali, ba maganar alƙalai nake tunani ba."

"To ki ba shi amsa mana."

"Ya ce kada in kira shi."

Kun ji irin mutanen da Allah ya haɗa ni da su. Na yi mata alkawari, na kama bakina. Ba ƙaramin aiki ba ne a wurina, don ni magana ba ta kwana a cikina. Duk Lahadi in ga ya tashi duba kwaɗo, in bi bayansa da kallo, tausayinsa ya cika ni. Guntun Wando ya fita, Malam ya ce dama sanyi zai kama shi. Aka yi ta raguwa har suka koma huɗu.

Mako na tara, Auta ta yi waƙar da ta fi kowace. Ba kiɗa mai yawa, daga ita sai mai jita ɗaya. Waƙar wani ƙaramin ɗaki ce mai taga ɗaya, inda mutum biyu ke aiki ba sa magana. Mai saurin kuka ta yi kukanta. Mai sanƙo ya daɗe yana kallon takardarsa, sannan ya ce yau ba shi da gyara. Na saci kallon Malam. Rigar ta zame daga cinyarsa ta faɗi ƙasa, bai ma sani ba. Ranar bai ce komai a kan kafaɗa ba. Ya tashi ya fita, ya manta bai ce zai duba kwaɗo ba, kuma bai dawo ba sai da aka rufe zaɓe.

Aka tsayar da su huɗu a jere. Aka ce malamar asibiti ta tsallake, aka ce wani saurayi shi ma ya tsallake. Saura Auta da Direba. Ya miƙa mata ƙaton hannunsa ta riƙe. Mai gabatarwa ya yi ta jan rai, kiɗa na bugawa, har na ji kamar in shiga akwatin in ƙwace takardar. Sannan ya ce lamba bakwai, tafiya ta zo ƙarshe.

Auta ta yi murmushi, ta rungumi sauran, ta gode wa kowa. Ni ban samu damar jin baƙin cikina ba, don Malam ya miƙe tsaye.

"Ƙarya ne! Maguɗi ne! Sau ashirin na tura yau! Sau ashirin, har yatsana ya yi ciwo!"

Sai ya ji abin da ya faɗa. Ya tsaya, baki buɗe.

"Malam," na ce a hankali, "ina kake turawa?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Wurinta mana."

"Wurin wa?"

"Wurin yarinyar! Ita ke takara, ita zan ba. Wa kike so in ba, mai sanƙo?"

Na jawo hannunsa na zaunar da shi. Na yi masa bayanin lambar da ke gudu a ƙasan allo, na ce can ake ƙirgawa. Ina magana ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Ya ciro wayar daga aljihu ya zuba mata ido.

"Ke nan ko ɗaya ba a ƙirga ba?"

"Ko ɗaya."

"Tun makon farko?"

Na gyaɗa kai.

"To ni na kayar da ita," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa sosai. Na ce masa dubban mutane ne suke zaɓen, ashirin ɗinsa ba za su canza komai ba, amma ba ya ji na. Can sai wani tunanin ya zo masa, ya ɗago da sauri. "Tsaya. Ke nan tana gani?"

"Tun makon farko."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Shekara talatin da bakwai muna tare, ban taɓa ganin kunya ta kama shi haka ba, kuma ban taɓa jin ina son sa kamar lokacin ba. Talabijin na ta tallar sabulu. Rana ta sauka daga tagar, wani mai keke ya wuce yana buga ƙararrawa.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Saƙo ne. Ya lalubo tabarau, ya sa, ya cire, ya goge, ya ce gilashin ya yi hazo. Ya miƙo min.

Na karanta masa. "Baba, duk sun iso. Na ƙirga, sittin da takwas. Ban goge ko ɗaya ba."

Ya mayar da tabarau a ido. Sannan ya karɓi wayar, ya yi ta danne-danne, ya ɓata, ya sake.

"Ina ake danna kira a abin nan?"

Na nuna masa koren maɓalli. Bugu ɗaya ta ɗauka. Ina jin numfashinta daga inda nake zaune, ba ta iya cewa komai ba sai, "Baba."

Ya gyara murya sau biyu.

"Wa ya ɗinka miki rigar nan ta yau?"

"Masu shirin ne, Baba."

"Kafaɗar ta sauka," ya ce. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan farar rigar da na tsince masa daga ƙasa. "Ki taho da ita gida in gyara miki."